Sayen Babur: Ta Waya ko a Shagon Dila?

[Kiɗan buɗe shiri]

  

Yau hirar babur za mu yi. Ba irin manyan baburan nan da samari ke cika unguwa da ƙararsu ranar ɗaurin aure ba. Babur na neman abinci nake nufi: wanda malamin firamare ke hawa zuwa makarantar da mota ba ta isa, wanda manomi ke ɗaure wa buhun taki, wanda ɗan acaɓa ke ciyar da gida da shi, da roba-robar da ma'aikaciyar asibiti ke kai yara makaranta a kai kafin ta wuce aiki. Mutum ya shekara yana zubin adashi, ko ya sayar da tumakinsa da 'yan buhunan waken da ya ajiye, kuɗi sun taru. Sai tambaya ta taso: ya nufi shagon dila a cikin gari, ko ya tura wa wancan da ya gani a Facebook, ko Jiji, ko TikTok, wanda farashinsa ya fi sauƙi?

Mu fara da kuɗin, tun da su suka kawo maganar. Kusan duk baburan da muke hawa daga waje suke zuwa, ko a haɗe ko a warwatse cikin kwali. Bajaj mai Boxer da TVS kamfanonin Indiya ne. Jincheng da Haojue da Lifan na ƙasar Sin ne. Honda ta Japan tana da masana'antar haɗa babura a Ota ta jihar Ogun, amma ita ma sai an shigo mata da kayan haɗi. Abin da aka saro da dala kuwa, dala ce ke yanka masa farashi. A farkon 2023 ana canjin dala ɗaya a hukumance a kan naira 460 da 'yan kai. Aka saki naira a watan Yunin shekarar, kafin a yi nisa cikin 2024 dala ta haura naira 1,500. Sabon Boxer da aka saba saye da 'yan dubban ɗaruruwa ya tsallake miliyan. A daidai wannan lokaci kuma aka janye tallafin mai, ranar 29 ga Mayun 2023, masu motoci da yawa suka jingine su suka koma neman babur. Kaya ya yi tsada, masu nema sun ƙaru.

To ka ga mutumin da ya yi lissafinsa a kan farashin bara, ya shigo kasuwa ya tarar farashi ya yi gaba ya bar shi. Yana cikin wannan damuwa ya buɗe waya da dare, sai ga hoton sabon babur dal, ko ledar kujera ba a cire ba, an rubuta kuɗin da ya yi daidai da abin da ke hannunsa. Wa zai ga laifinsa in zuciyarsa ta raya masa cewa Allah ne ya kawo masa sauƙi?

Amma malam, tsaya mu yi lissafi tare. Sabon babur ba tumatir ba ne da mai shi zai karyar da yamma don gudun kada ya ruɓe. Hanyarsa sananniya ce: kamfani ya shigo da shi ta tashar jiragen ruwa, ya biya kwastam, ya ba manyan diloli, su kuma su ba ƙanana. Duk mai sayar da sabo, a shago yake ko a waya, nan ya saro. Za a iya samun bambanci tsakanin wannan da wancan, saboda kuɗin mota, ko hayar shago, ko wani yana da ragowar tsohon kaya da ya saro kafin farashi ya tashi. Bambancin ba ya yin yawa. In ka ga an zabge kashi ɗaya bisa uku, ko rabin kuɗin da kowa ke sayarwa, to ko dai babur ɗin ba sabo ba ne, ko ba na kamfanin da aka liƙa sunansa ba ne, ko ba na mai tallar ba ne, ko kuma babu shi kwata-kwata a duniya.

Kada wani ya ce na tsani waya. Wayar nan ta yi wa mai saye babban amfani. A da, mutumin Gumel ko Illela ko Malumfashi in ya shigo birni, abin da dillali ya faɗa masa shi ne farashi, ba shi da inda zai gwada. Yanzu yana zaune a ƙofar gida zai ga nawa ake sayarwa a Kano, nawa a Legas, nawa a Nnewi, ya shigo kasuwa da idonsa a buɗe. Akwai kuma diloli na ƙwarai, masu shago da adireshi, da ke tallar kayansu a intanet kamar yadda mai atamfa ke yi. Matsalar ita ce, a fuskar waya, shafin mai gaskiya da na ɗan damfara kamarsu ɗaya. Sau da yawa ma na ɗan damfarar ya fi kyau, domin shi ba shi da wani aiki sai gyaran shafi.

Ga yadda suke yi. Za ka ga shafi da hoton wani cikin kakin kwastam, ga babura jere a bayansa, an rubuta cewa gwanjo ake yi na kayan da aka kama. Hukumar Kwastam ta sha fitowa tana gargaɗin cewa ba ta sayar da kaya ta hannun wani jami'i a Facebook ko WhatsApp, amma har gobe ana faɗawa. Kana kira za a amsa maka da ladabi, har da sallama da tambayar iyali. Sai a ce ka sayi fom, kuɗi kaɗan ne. Bayan fom sai ka ji, "Alhaji, saura guda biyu fa, kuma akwai wani daga Zariya da ya dame mu da kira. Ka sa kafin alƙalami mu ajiye maka naka." Ka tura. Washegari a turo maka hoton takardar wayabil da sunanka a kai, har da hatimi, a ce an ɗora a mota. Kwana biyu sai wani ya kira da wata lamba, ya ce shi ne direba, an tare su a wajen Lokoja, sai an biya kuɗi kafin a saki mota. A nan mutane da yawa ke ƙara zurmawa. Wanda ya riga ya tura dubu ɗari ba ya son yarda cewa sun tafi, sai ya ƙara hamsin don ya ceto su. Ranar da ya ce ba shi da sauran ko sisi, ranar lambar za ta daina shiga.

Wannan ma mai sauƙin ganewa ce. Akwai wadda ta fi ta dabara, kuma ita nake so ku saurara da kyau, domin tana cin har wanda ya ce shi sai ya gani da idonsa.

Wani bawan Allah yana da babur na hannu, ya saka shi a kasuwa a waya, da gaskiyarsa. Ɗan damfara ya kwashe hotunan ya sake tallata su a nasa shafin da farashi mai rahusa. Kai ka gani ka kira shi. Ya ce maka, "Babur ɗin yana wurin ƙanena a unguwa kaza, je ka duba. Amma don Allah kada ka yi maganar kuɗi da shi, akwai rigimar gida a kai." Ya juya ya kira mai babur na ainihi ya ce, "Zan turo yarona ya duba, in ya yi masa zan biya ka. Kada ku yi maganar kuɗi, ni zan sayar masa da 'yar ribata." Ka je, ga babur a tsaye, ga takardu, ka tayar, ka zagaya unguwa, bakanikenka ya ce lafiya lau. Ka koma gefe ka tura kuɗi ga wancan na waya. Ka dawo ka miƙa hannu a ba ka makulli, mai babur ya ce shi bai ga alat ba. Kai kana rantsuwa ka biya, shi yana rantsuwa ba a biya shi ba, kuma dukkanku gaskiya kuke faɗa. Wanda ya haɗa ku ya kashe waya.

Maganin wannan dabarar tambayoyi uku ne da za ka furta a gaban babur ɗin: "Malam, naka ne? Nawa za ka sayar? Wa zan biya?" Duk cinikin da aka ce kada ka yi maganar kuɗi da wanda kayan ke hannunsa, tashi ka kama gabanka. Kuma kafin ka danna tura kuɗi, karanta sunan da banki ya nuna maka. In sunan asusu daban, sunan da ke kan takardun babur daban, wanda ke tsaye a gabanka kuma daban, to dakata.

[Kiɗa]

Masu sauraro, har yanzu muna tare, muna tattauna sayen babur mai sauƙin kuɗi, ta waya ko a wurin dila.

Yanzu mu ajiye 'yan damfara a gefe. Mu ɗauka wanda ka samu a waya mutumin kirki ne, yana da shago a Legas ko Onica, ya karɓi kuɗinka ya kuma turo kaya. Shin ka ci riba? Ɗauko biro. Ka sa kuɗin motar da za ta kawo shi, da na masu lodi, da na wanda zai ɗauko maka daga tasha zuwa gida. Ka sa kuɗin haɗi, domin a kwali zai zo. In aka tashi sauke shi tanki ya loɓa ko fitila ta fashe, direba zai ce haka aka ba shi, mai kaya zai ce lafiya ya ɗora. Kafin ka gama tarawa za ka ga rarar da ta ja ka ta narke, wani lokaci har ka ɗora daga aljihu.

Maganar haɗin nan kuwa ba ƙarama ba ce. Wanda bai taɓa tsayawa a wurin masu haɗa babura ba, irin na 'Yan Babura da ke Fagge a Kano, ya je ya kashe kwarkwatar ido. Ana yanke igiyar kwali, za ka ga gangar jikin babur a ɗaure cikin ƙarafa, tayar gaba daban, kan babur daban, madubai da fitila da batir kowanne a ledarsa. Yaran da ke wannan aiki hannunsu ya faɗa, kan ka ce kwabo babur ya miƙe. Amma saurin nan shi ne abin tsoro. Notin tayar gaba yana son ɗauri daidai. Birki yana son saiti, na hannu da na ƙafa. Sarƙa in ta yi tsauri za ta ci haƙoran da take bi, in ta yi sako-sako za ta iya zamewa kana cikin gudu. Ana barin ta da ɗan wasa kamar faɗin yatsu biyu. Wayoyin taya sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba taya za ta fara rawa. Batirin da ke zuwa a bushe, in an zuba masa ruwansa, ana barin sa ya huta kafin a ɗora masa aiki. Wanda aka zuba aka tayar nan take ba ya daɗewa. Sannan a zaro ma'aunin baƙin mai a duba, kada a ɗauka kamfani ya cika.

In dila ne ya sayar kuma yaransa suka haɗa, duk abin da ya biyo baya mutum ɗaya za ka nema. Ka turo babur ɗin har ƙofar shagonsa, maƙwabtansa na kallo, shugabannin kasuwa na nan, shi ma yana da sunan da yake karewa. In kuwa daga nesa aka aiko maka, ka kai wa naka bakanike ya haɗa, ranar da inji ya fara wani ƙara mai kaya zai ce bakanikenka ne ya ɓata, bakanike ya ce haka ya zo daga kwali. Kai kana tsakiya da waya a kunne. A ganina wannan shi ne ainihin abin da kake biya in farashin dila ya ɗara na waya: kana sayen ƙofar da za ka koma ka buga.

Akwai kuma garanti, wanda yawancinmu ba mu ma tambaya. Manyan kamfanoni suna saka ɗan littafi a cikin kwali, mai bayanin garanti da lokutan sabis. Ba ya aiki sai dilan da kamfani ya amince da shi ya cika ya buga hatimi, kuma sai ka kai sabis a kan lokaci. Na farko yakan zo ne bayan tafiyar kilomita 500 ko kusa da haka, lokacin da ake juye baƙin man farko, wanda ya kwashe ɓurɓushin ƙarfen sabon inji. Kafin nan ba a zure masa wuta, ba a ɗora masa buhu uku da mutum biyu. Dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba ka damar mayar da kayan da aka sayar maka da aibi. To amma wa za ka kai ƙara in abin da ka riƙe kawai lambar waya ce da sunan shafi?

Kada diloli su ji daɗi da yawa, su ma akwai nasu. A cikinsu akwai masu tsoron Allah, akwai kuma waɗanda in ka juya baya za a zare batirin kamfani a sa maka na banza, a canza fulogi, a ɗauke 'yan sifanun da suka zo da babur, wani lokaci har taya. Akwai jabu, wanda aka liƙa wa sunan babban kamfani a tanki alhali injin na wani ne can daban. Akwai mai duban rigarka da takalminka kafin ya faɗi farashi. Ga dillalin bakin kasuwa da zai tarbe ka da fara'a, ya karɓi la'ada a wurinka ya zagaya ya karɓa a wurin mai shago, duka kuma daga kuɗinka suka fito. Sai masu ba da babur bashi ana biya mako-mako. Wanda zai karɓa ya zauna ya tara jimillar abin da zai biya daga farko har ƙarshe, ya tambayi abin da zai faru in ya yi fashin biya, a rubuta a takarda da shaidu.

Bambancin kawai, ha'incin shago kana iya tsare shi da ƙafarka da idonka. Ka shiga shago uku ko huɗu kafin ka tsayar da magana. Ka tafi da bakanikenka, ka biya shi kuɗin wuninsa, ba asara ba ce. Ka nuna kwalin da kake so da hannunka, a buɗe a gabanka, kada ka tafi cin abinci sai an gama haɗawa. In lokacin salla ya yi, ka bar wanda kuka zo tare a wurin, ku yi karɓa-karɓa.

Yanzu lambobi. Kowane babur yana da lamba biyu da aka buga a jikin ƙarfe. Lambar shasi tana a wuyan babur, inda kai ke juyawa, sai ka karkatar da kan gefe za ka gan ta. Lambar inji kuma tana jikin injin daga ƙasa, galibi ta hagu. Ta shasi haruffa da alƙaluma 17 ce, kuma farkonta yana faɗin inda aka ƙera babur: in ta fara da L daga Sin yake, J Japan, na Bajaj da TVS da aka ƙera a Indiya kuma da MD suke farawa. Saboda haka in mai kaya ya dafa ƙirji ya ce ɗan Japan ne, kai dai sunkuya ka duba wuya. Ka karanta lambobin da bakinka, wani ya bi rasit da ido, harafi bayan harafi. Rasit ya zama mai sunan shago da adireshi da kwanan wata da sunanka cikakke. Da shi za ka je ofishin lasin ka yanki lamba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke tsallakowa sayen babur, ku kuma kada ku manta da takardar duwan.

A wajen babur na hannu ne waya ta fi amfani, a nan kuma haɗarinta ya fi yawa. Za ka iya samun ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki yana neman rabuwa da nasa mai lafiya, ba dillali a tsakani. Amma sharaɗi shi ne gani da ido, da rana, a wurin da jama'a suke, kuma kada ka je kai kaɗai da kuɗi a aljihu. Kana isa ka fara taɓa injin kafin a tayar. In ka ji shi da ɗumi, an riga an tayar da shi ne don kada ka ga wahalar tashinsa da sanyi. Ka zauna ku yi hira har ya huce. In ya tashi ka tsaya ta baya ka kalli salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce yana shan baƙin mai, aikin ringi da fistin na jiranka. Kada agogon kilomita ya ruɗe ka, zare wayarsa kawai ake yi ya tsaya cak. Ka tsuguna ta baya ka dubi tayoyin biyu ko suna kan layi ɗaya, ka leƙa ƙarƙashin tanki ko akwai walda, domin babur ɗin da ya taɓa karyewa a haɗari ba ya komawa daidai. Ka gwada makulli: in na tayarwa daban na tanki daban, ka tambayi dalili. In kuma ka ga wurin lambar shasi an goge, ko an yi masa sabon fenti shi kaɗai, ko haruffan sun karkace, kada ma ka tsaya taya shi.

Domin babur na sata ba ya zama naka don ka biya kuɗi. Ranar da mai shi ya gan shi, ko aka tare ka a shinge, babur zai tafi, kuɗinka sun tafi, kuma karɓar kayan sata laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa. Halin da muke ciki ma ya ƙara wa abin nauyi. Kowa ya san da me 'yan bindiga ke yawo a daji. A 2021 gwamnatin Katsina, cikin matakan tsaron da ta ɗauka, har hana sayar da baburan hannu ta yi a kasuwar Charanchi. Mutumin da aka kama da babur marar asali a hanyoyin Zamfara ko Katsina ko Sakkwato, tambayoyin da zai amsa sun wuce na sata. Don haka a rubuta takardar ciniki, da lambobin nan biyu, da shaidu, da hoton katin shaidar mai sayarwa. In da hali a yi a gaban mai unguwarsa, ka san gidansa.

Wani zai ce, to sayen abin da ba ka gani ba haramun ne? Malamanmu na Malikiyya sun yi maganar tun kafin a san za a yi waya. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an halatta sayar da abin da ba ya wurin bisa siffantawa, amma an hana a gindaya sharaɗin biyan kuɗi tun kafin kaya ya iso, sai in wurin yana kusa, ko abin irin wanda ba ya saurin canzawa ne kamar gida ko fili. Masu ilimi za su yi ƙarin bayani a kan rassan mas'alar. Ni dai abin da ya ja hankalina shi ne, inda suka sa shinge nan ne daidai inda ake cin mutane a yau: kuɗi su tafi, kaya na nesa.

Sai abu na ƙarshe kafin ka zaɓi irin da za ka saya. Je wurin bakaniken garinku, wanda zai riƙa taɓa babur ɗin shekara da shekaru, ka tambaye shi wanne ne kayan gyaransa ke samuwa a nan kusa. Akan ga wasu babura a waya masu kyan fenti da sunan da ba wanda ya taɓa ji, kuɗinsu ƙasa da na kowa. Ranar da wani ɗan ƙarfe ya lalace a ciki, za a nema har Nnewi a rasa, babur ya koma jingine a zaure kaji na kwana a kai. Wanda kowa ke hawa a yankinku, ko a ƙauye ya tsaya maka za a samu mai gyara, in ka tashi sayarwa kuma ba za ka rasa mai saye ba. Mai niyyar acaɓa kuma ya fara bincika dokar garinsu. A birnin Kano tun watan Janairun 2013 aka hana ɗaukar fasinja a babur.

In ka tambaye ni, ga inda na tsaya. Wanda kuɗin nan su ne iyakar abin da ya mallaka, kuma sabo yake so, ya duba farashi a waya iya son ransa, sannan ya saka takalmi ya tafi shagon dila mafi kusa da shi. In dole sai daga nesa, to ya zama shagon da wani naka zai taka ya shiga, ya ga kaya, ya karanto maka lambar shasi, a rubuta ta a rasit kafin kuɗi su fita. Kiran bidiyo kaɗai bai isa ba, domin mutum na iya tsayawa a shagon da ba nasa ba ya nuna maka kayan wani.

Wanda kuma abin ya riga ya faɗa masa, kada ya tsaya jiran ko za a kunna waya gobe. Ya garzaya bankinsa a ranar, ya ba da lambar asusun da ya tura wa kuɗi da shaidar turawa, domin in an yi sauri akan iya riƙe asusun kafin a kwashe. Ya adana hirarrakin da hotunan da lambobin, kada ya goge don haushi, ya kai rahoto wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC. Na san kunya ke sa mutane yin shiru, kada a ce kwaɗayi ya ja su. Don Allah a daure a faɗa, a majalisa, a masallaci bayan salla, a zauren WhatsApp na unguwa, a nuna wa mutane shafin da lambar. Shafin da ya cuce ka yana nan a buɗe, kuma maƙwabcinka ma yana tara kuɗin babur.

Nan za mu dakata a shirin namu na yau. Masu babura a sa hular kwano, a rage gudu. Sai Allah ya sake haɗa mu, a huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]